Darasi Daga Nesa, Malami a Kusa: Tarihin Ƙaro Ilimin Aiki a Karkarar Kano

Duk mai wayar zamani a Dambatta, ko Bichi, ko Tsanyawa, ko Kunchi, da wuya mako ya wuce bai ci karo da tallar wani kwas na intanet ba. Wani na koyon Excel ne, wani na tsara lissafin kasuwanci, wani na tallata kaya a Facebook, wani kuma na nazarin bayanai da kwamfuta. Alƙawarin kusan iri ɗaya ne: mutum yana zaune a gidansa zai ƙware, a ba shi takardar shaida, ƙofar aiki ta buɗe. Masu tallar sukan nuna kamar yau aka fara. Amma darasi mai zuwa daga nesa ya daɗe yana shigowa wannan yanki, a aljihun fatake, a jakar gidan waya, a akwatin rediyo, a bayan babur ɗin malamin gona. Tarihin waɗannan hanyoyi yana nuna abu guda a kai a kai. Darasin yakan zauna ne inda aka samu mutum na kusa da zai duba aikin ɗalibi, aka kuma samu aiki na zahiri da ke jiran abin da aka koya. Inda aka rasa waɗannan, takarda kawai take saura.

Ƙasar da rani yake makaranta

Sai an fahimci ƙasar kafin a fahimci yadda mutanenta suke koyo. Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana daga cikin wurare mafi cunkoson manoma a yankin savana na Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a kanta tun shekarun 1960 yana Jami'ar Ahmadu Bello, ya bayyana yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ya riƙe ƙasar shi ne takin dabbobi da sharar birni, waɗanda jakuna ke dawowa da su bayan sun kai itace cikin gari. Gonaki ƙanana ne, gado yana ƙara rarraba su, damina kuma ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba.

Wannan yanayi ya haifar da abu biyu. Na farko, noma shi kaɗai ba ya ciyar da gida, don haka kusan kowane magidanci yana da sana'ar rani: saƙa, rini, dukanci, ƙira, ɗinki, dillanci ko fatauci. Na biyu, shekara ta kasu gida biyu, lokacin gona da lokacin neman abin ƙari. Da an kai amfanin gona rumbu sai matasa su fita cin rani, almajirai su bi malamansu zuwa gabas, yaran masu sana'a su koma gindin masaƙa ko bakin karofi. Abin da ma'aikatu ke kira ƙaro ilimi a bakin aiki, mutanen wannan ƙasa sun daɗe da ware masa lokacinsa a kalandar shekara.

Koyon kuwa a gaban mutum ake yin sa. Yaron maƙeri yakan yi shekaru yana zuga kafin a ba shi guduma. Yaron falke yakan fara da kiwon jakuna a zango kafin a damƙa masa kuɗin goro. A fagen ilimin addini, littafi zai iya fitowa daga Masar ko Fas, amma ba a ɗaukar mutum ya san shi sai ya karanta a gaban malami, malamin ya ba shi izini. Ko sarauta ta taɓa samun irin nata darasin a rubuce. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya rubuta masa risala kan abin da ya wajaba a kan mai mulki, kuma ya zauna a Kano na wani lokaci. Rubutun ya zo, mai rubutun ma ya zo.

Awon gona da jakar gidan waya

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun buƙaci ma'aikata masu wani irin ilimi dabam. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, inda aka koyar da boko da lissafi da sana'o'in hannu. Daga cikin ayyukan farko da aka horar da matasa a kansu akwai na malaman taki, masu auna gona da takun ƙafa domin a yanka haraji daidai da faɗinta. Wannan tsari ya fi dacewa da gundumomin da ke kewaye da birni, inda kowace gona ke da iyaka da mai ita. Ta wannan ƙofa manomin karkarar Kano ya fara ganin cewa alƙalami da lissafin boko sana'a ce da ake biyan albashi a kanta.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Kamfanonin Turawa da manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata sun buƙaci malaman sikeli da akawu a wuraren sayen gyaɗa. Ofisoshin En'e sun buƙaci magatakarda, da ma'aji, da malaman asibiti da na daji. Wanda ya shiga irin wannan aiki da ilimin elemantare ko midil, in yana son ya hau mataki na gaba, sai ya ci jarrabawa. Makarantun da za su shirya shi kuwa ba su da yawa a Arewa.

Nan ne karatu ta gidan waya ya shigo. Dabarar ta girmi mulkin mallaka, domin tun 1840 Isaac Pitman ya fara koyar da gajeren rubutun sakatarori ta hanyar wasiƙa a Ingila, Jami'ar Landan kuma ta buɗe jarrabawarta ga ɗaliban waje a 1858. Kwalejoji irin su Wolsey Hall da Rapid Results College sun riƙa aiko da darussa Najeriya. Ɗalibi zai biya kuɗi ta gidan waya, a aiko masa da takardu, ya amsa tambayoyi ya mayar, ya jira makonni kafin gyara ya dawo daga Ingila da jan biro. Da yawa daga cikin akawu da malaman makaranta na wancan zamani ta haka suka ci jarrabawar GCE da ta lissafin kuɗi.

Sai dai wannan hanya tana da shinge. Tana buƙatar Turanci mai ƙarfi, da adireshin gidan waya, da albashin da za a yanki kuɗin kwas daga ciki, da fitilar karatun dare. Ta yi wa ma'aikacin da ke Sabon Gari ko Fagge amfani fiye da ɗan manomin Makoɗa. Shi ya sa da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa a shekarun 1950, ba ta dogara da wasiƙun Ingila ba. Cibiyar horar da akawu da aka kafa a Zariya a 1947 aka ɗaga ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, aka riƙa kwaso ma'aikatan En'e daga larduna ana zaunar da su a aji na watanni, sannan a mayar da su kan kujerun da ke jiransu.

Ajin da ya je ƙauye

Shirin da ya fara kai darasin boko ga baligai a ƙauyuka shi ne Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950. A Zariya ake rubuta littattafan, hukumar NORLA ke buga su, kuma kowane lardi yana da 'yar jaridarsa ta sababbin masu karatu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato. Amma mai koyarwa ɗan garin ne, ana ba shi ɗan alawus, yana tara manya a zaure ko a gindin bishiya. Da Hausa ake karatun, kuma amfaninsa a bayyane yake. Mutum zai karanta takardar harajinsa, ya duba abin da malamin sikeli ya rubuta, ya aika wa ɗan'uwansa wasiƙa a Kurmi ba tare da wani ya ji sirrinsa ba.

An rufe NORLA a 1959, ƙarfin shirin ya ragu. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ce ta farfaɗo da shi a Kano lokacin da ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, wadda ta samu yabon UNESCO a 1983. Hukumar ta haɗa karatu da koyon sana'a, musamman a cibiyoyin mata, inda ɗinki da saƙa suka tafi tare da baƙi da wasali. A dukkan zangon biyu, abin da ya fito daga nesa shi ne littafi. Ajin da malamin na gida ne.

Darussa biyu daga shekarun 1970 da 1980

Misalai biyu sun fi kusa da kwasa-kwasan intanet na yau, domin dukkansu horo ne na mutanen da suke bakin aiki.

Na farko shi ne na malaman makaranta. A Satumban 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Makarantu suka ɓullo a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, aka ɗebi malamai da yawa waɗanda ba su da cikakkiyar shaidar koyarwa. Ba zai yiwu a kwashe su duka a mayar kwaleji a bar azuzuwa ba kowa ba. Don haka aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a wannan shekara. Ta tsara darussa a ƙananan littattafai da malami zai karanta a gida, sannan a ƙarshen mako da lokacin hutu ya je cibiyar karatu mafi kusa, yawanci wata sakandare, ya haɗu da mai koyarwa da 'yan'uwansa ɗalibai. Da farko shaidar malanta mai daraja ta biyu ake nema, daga 1990 kuma aka fara NCE ta wannan hanya.

An yi ta suka a kan ingancin wasu da suka fito daga shirin, kuma sukar tana da tushe a wuraren da aka bar cibiyoyin ba sa-ido. Duk da haka malaman karkara sun riƙa jurewa har su kammala, saboda dalilai bayyanannu. Akwai ranar haɗuwa da ba a son a rasa, akwai mai koyarwa da ya san sunan mutum, akwai aji cike da yara da ake gwada darasin a kansu ranar Litinin. Bayan haka manufar ilimi ta ƙasa ta sanya NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, don haka takardar tana da alaƙa kai tsaye da albashi da ƙarin girma.

Misali na biyu na malaman gona ne. Bayan gwajin da aka yi da tallafin Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gwambe a tsakiyar shekarun 1970, Kano ta kafa hukumar KNARDA a farkon shekarun 1980, kuma Dambatta ita ce hedikwatar ɗaya daga cikin shiyyoyinta. Tsarin da aka bi shi ne na horo da ziyara, wanda Daniel Benor ya tsara wa Bankin Duniya. Duk bayan mako biyu ana tara malaman gona a koya musu saƙon lokacin, kamar tazarar shuka ko ranar zuba taki, su kuma su hau babura su kai wa zaɓaɓɓun manoma, a gwada a ɗan yanki na gona kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Shirin Sasakawa da ya shigo Kano a farkon shekarun 1990 ya bi irin wannan salo na gonar gwaji.

Wannan tsari ya gamu da cikas iri biyu. Ɗaya na kuɗi ne: da rancen Bankin Duniya ya ƙare, man babur da alawus suka yi wuya, ziyara ta ja baya. Ɗayan ya fi zurfi. An daɗe ana shawartar manomi ya shuka iri ɗaya a gona, alhali manomin Kano yana haɗa gero da dawa da wake ne don in ɗaya ya gaza ɗaya ya tsira. Binciken da David Norman ya yi daga Samaru a ƙauyukan Zariya tun shekarun 1960 ya nuna cewa haɗa shukar lissafi ne mai kyau ga mai ƙaramar gona da ƙarancin hannu. Manoma sun karɓi abin da ya dace da su, kamar ingantaccen iri da takin zamani, suka yi shiru da sauran. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Darasin da aka rubuta ba tare da an san gonar ba, ko malami ya kawo shi har ƙofar gida, ba ya tsiro.

Daga akwatin gidan waya zuwa tafin hannu

Jami'ar karatu daga gida, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 ta dawo aiki. Kafin dawowarta da shekara guda, a 2001, wayar salula ta shigo Najeriya, kuma cikin shekaru kaɗan ta kai garuruwan da wayar tangaraho ba ta taɓa kaiwa ba. A 2012 aka kafa Coursera da edX a Amurka, suka buɗe darussan manyan jami'o'i ga duk mai intanet. Kullen korona na 2020 ya tura tarurruka da horon ma'aikata zuwa Zoom. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuma ya sa mai shago a ƙauye ya koyi karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS, ko yana so ko ba ya so.

Abin da ya sauya babba ne. Gyaran da akawun 1950 ke jira na makonni, yanzu cikin daƙiƙa yake fitowa. Darasin da sai an biya fam, yanzu da yawa kyauta ne. Amma alƙaluman masu kwasa-kwasan da kansu sun nuna inda gizo ke saƙar. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019 kan darussan MIT da Harvard a edX ya gano cewa kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018, kuma yawancin ɗaliban daga ƙasashe masu arziki suke. Shingen zamanin gidan waya ya dawo da sabon suna. Turanci yana nan. Kuɗin kan sarki ya koma kuɗin data, wanda hukumar NCC ta amince a ƙara farashinsa da har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Fitilar karatu ta koma cajin waya a shagon mai sola. Sannan akwai darussan da ba a iya koyonsu da kyau a fuskar waya, sai da kwamfuta.

Akwai alamar cewa masu tsara manufa sun fara komawa kan tsohuwar dabara. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 da ɗalibai 30,000 a zangon farko, ya haɗa darasin intanet da cibiyoyin haɗuwa ido da ido a jihohi. Wannan shi ne tsarin NTI a sabuwar riga. Tambayar da ta rage ita ce nisan cibiyar daga ɗalibi. In duk cibiyoyin suna cikin birni, matashin Shanono ko Bagwai zai biya kuɗin mota kowane mako kafin ya ga fuskar mai duba aikinsa, kuma da damina ta faɗi zai zaɓi gona.

Abin da ke jiran ilimin

Yankin ba ya rasa aikin da ke buƙatar waɗannan ƙwarewa. Kasuwar Dawanau da ke Dawakin Tofa tana daga cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma, kuma riɗi da zoɓo da ke bi ta cikinta suna kaiwa ƙasashen waje, inda mai saye ke neman takardun inganci da lissafi mai tsabta. Masu noman rani a madatsun Watari da Tomas suna da ƙungiyoyin da ke buƙatar mai riƙe littafin kuɗi. Asibitocin karkara da sakatariyoyin ƙananan hukumomi suna tara bayanan da ake turawa ta waya. Wuraren haɗuwa ma akwai su: Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, da Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa wadda ke nan tun 1977.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne darasin da ya san kasuwar. Kwas ɗin lissafin kasuwanci da aka tsara a kan katin bashi da harajin Amurka yana maimaita kuskuren shuka iri ɗaya. Ɗan kasuwar Dawanau yana hulɗa ne da dillali da la'ada, da buhu da tiya, da kayan da ake ɗauka a kan amana a biya bayan kasuwa biyu. Wanda zai koya masa Excel ya fara da littafin bashin da ke cikin akwatinsa. Matasan da ke yin darussa da Hausa a YouTube da zaurukan WhatsApp sun fi kusa da wannan, kodayake mafi yawansu ba su da takardar da wata ma'aikata za ta karɓa.

Don haka shugaban ma'aikatar da ke shirin saya wa ma'aikatansa kwas, ko uban da ɗansa ya zo neman kuɗin rajista bayan an sayar da buhun gero, suna da tambayoyin da tarihi ya riga ya tanadar musu. Wane ne zai duba aikin ɗalibi, kuma a ina yake zaune? Da wane harshe za a yi masa bayani in ya maƙale? A wane wata za a yi karatun, kafin shuka ko bayan girbi? Wane ofis ko wane shago ne zai tambayi wannan takarda? Malamin firamaren da ya riƙa hawa keke ranar Asabar zuwa cibiyar NTI yana da amsar kowace ɗaya kafin ya biya ko kwabo. Ɗansa da ke riƙe da waya a yau ya cancanci a ba shi amsoshin kafin ya sayi data.